Shahon Giginya da Takabar Inna

A ƙasan gonarmu, gabas da Sule Tankarkar, akwai wani kwari da ruwa ke kwanciya da damina, kuma a bakinsa giginya uku ne a tsaye. Biyu suna 'ya'ya. Ta ukun namiji ne, dogo siriri, ba ya ba kowa komai sai 'yar inuwar da ba ta isar akuya biyu. A kansa shaho biyu suke zaune tun kafin in yi wayo, masu bayan toka da jar ƙeya, ɗaya ya fi ɗaya girma. Baba yakan kira babban maigida, ƙaramin kuma uwargida. In muna shuka suka gilma ta kanmu, sai ya dafa sungumi ya ce, "Ga maigida can ya fito cefane." Haka na tashi ina faɗa ni ma.

Baba ya rasu bayan an gama ɗaure gero, ina 'yar shekara goma sha uku. Zazzaɓi ne na kwana shida. Inna ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba kwalli, ba kitso, ba ta wuce ƙofar gida.

Ranar sadakar bakwai aka aike ni da fura zaure. A ciki Baffa ne, yayan Baba, da Kawu, yayan Inna, wanda ya tsallako daga ƙasar Damagaram. Inna Bafulatana ce, danginta makiyaya ne a arewa da Maigatari, aure ne ya kawo ta cikin manoma. Ina bayan zana na ji Kawu yana cewa, "Ranar da ta fita takaba zan zo in tafi da ita gida."

Baffa ya ce, "Wannan haƙƙinku ne, Malam, ba mai hana ku. Ta goye ta tafi da ita. Babbar kuwa tamu ce, a nan za ta zauna."

Babbar ni ce. Na tsaya da ƙwarya a hannu ina jin kamar in shiga in kife musu furar a ka, su da rawunansu. An raba mu kamar damin gero, ba a ko tambayi Inna ba, balle ni. Ban gaji haƙuri ba, duk gidan sun sani, amma ranar na durƙusa na ajiye fura na fito. A bayan rumbu na zauna na ƙirga da yatsu, kwana ɗari da ashirin da uku suka rage mini da uwa.

Da wata uwar ce, da na je na faɗa jikinta na tambaye ta ko za ta tafi. Amma ni 'yar fari ce, Inna kuwa kunyar 'yar fari ta riƙe ta irin ta Fulanin daji. Ba ta faɗin sunana, ba ta kallona ido cikin ido. In tana son in ɗebo ruwa, sai ta dubi randa ta ce, "Randar nan ta yi ƙasa." In na yi laifi, kaji take wa faɗa. Na san tana sona, don ƙanzon tuwo kullum a kwanona yake ƙarewa, amma hira ba mu taɓa yi ba.

Tumakin Baba biyar suka dawo hannuna. Kullum in na taso daga makaranta sai in kora su kwari su ci ragowar harawa da karmami. Wata yamma na dawo ina ɗaure su a turke, Inna tana zaune bakin ƙofar ɗakinta tana saƙa faifai, ƙanwata tana barci a cinyarta, sai na ji ta ce, "Shahon nan na giginya, ko suna nan?"

Na waiga in ga da wa take. Ba kowa a tsakar gida sai ni da tumaki.

Na ce, "Suna nan, Inna."

"Su biyun?"

"Su biyun."

Daga ranar muka samu abin magana. Ni ina ba turke labari, ita tana amsa wa faifai. Nakan gaya mata yadda suke farauta tare in rana ta yi sanyi, ɗaya ya bi ƙasa-ƙasa ta cikin sabara ya tayar da kurciyoyi, ɗayan ya zo ta sama ya fyauce. Ashe Inna ta san su fiye da yadda ta san matan unguwarmu. Yarinyar da ta tashi tana bin shanu, sama take kallo yini guda, don ba wani abin kallo a dajin.

Ran nan na ce na ga shaho biyar a kan mahauta ranar kasuwa. Ta ce, "Shirwa aka gani. Shirwa ba ta cikinsu, 'yar kwaɗayi ce mai bin hanji. A dubi wutsiya, tata a tsage take. Shaho fiffikensa tsini gare shi kamar wuƙa, kuma a ƙarƙashin idonsa akwai zane, sai ka ce kwalli ya zubo." Na ji kunya, na kuma ji daɗi, don ba ta taɓa yi mini magana mai tsawon haka ba.

A hankali ta jera mini danginsu, yadda ake jera wa yaro dangin ubansa. Na giginya, in ji ta, ba sa nisa da giginya ko goriba, inda aka haife su nan suke tsufa. Akwai babban wansu, mai ɗaukar kaza da tantabara, wanda ya fi son duwatsu da manyan itatuwa, ta sha ganinsa a tsaunukan Damagaram tana ƙarama. Sai kuma waɗanda ta fi so, ƙanana jajaye, masu tsayawa cak a sama suna kaɗa fiffike wuri ɗaya kamar an rataye su da zare. Su ta kira 'yan cirani. Bayan girbi suke zuwa, su ci fara, su bi hayaƙi duk inda aka sa wa ciyawa wuta, kafin ruwan farko kuma sun ɓace.

Na ce, "Ina suke zuwa?"

"Arewa. Bayan Agadas, bayan rairayi. Mu dai ba mu taɓa ganin ƙwansu ba. Amma duk kakansu ɗaya da na giginya, a dubi fuska kawai."

Tun daga nan kwarin ya canza mini. Nakan bar tumaki su bazu, in kwanta rigingine a gindin giginya in ɗora kai a kan takalmana. Ganyen giginya in iska ta taɓa shi ƙarar ruwan sama yake yi, ko da tsakiyar rani ne, sai in lumshe ido in bar ruwan ya yi ta zuba. In na buɗe, ga 'yan cirani can uku ko huɗu a tsaye a sama. Nakan zaɓi ɗaya in bi shi da ido har in daina jin ƙasa a bayana. Sai in gan ni ina tsallake Maigatari, kasuwar shanu ta zama 'yar tabarma a ƙasa, in wuce rijiyoyi da garken raƙuma, har in hango wata yarinya siririya da sanda a kafaɗa tana bin fararen shanu, ta ɗaga kai tana kallona. Ba ta jin kunyata, don ba ta haife ni ba tukuna. Mukan daɗe muna kallon juna kafin wata tunkiya ta shiga lambun mutane a ƙwala mini kira.

A kwance a wurin na rarraba mutanen gidanmu. Baffa shirwa ne, Allah ya yafe mini, don ba ya wuce inda ake rabon nama. Kawu ɗan cirani ne, wannan ba gardama. Baba na giginya ne. Inna ce na kasa sanin inda zan ajiye. Shekara goma sha biyar tana gidan nan, amma in tana maganar 'yan cirani muryarta takan yi laushi, hannunta ya tsaya a kan faifai.

Takaba ta yi wata biyu da 'yan kwanaki sai ƙaramin shahon ya ɓace. Ban san abin da ya same shi ba, ko ɗanko ne, ko wani babba ne ya fi ƙarfinsa. Na dai ga babban shi kaɗai a kan giginya, yana ta wani kuka siriri yana juya kai. Kwana biyu ina dubawa. A na uku na koro tumaki da duka tun rana ba ta yi sanyi ba, na shigo gida raina a ɓace, na ce da ƙarfi, "Uwargida ta gudu ta bar maigida shi kaɗai. Haka mata suke, ba su da amana!"

Da Inna nake, ta kuma sani. Na jira ta yi wa kaji faɗa. Sai ta ce, "Wanne ya rage?"

"Babban."

"To ai ita ce macen."

Na ce, "A'a, Inna. Babban shi ne maigida."

"A wurin mutane da zakaru. A wurin shaho mace ce babba, duk danginsu haka suke. Ita ke kwanci, ita ke tsare gida, shi ƙaramin ya yi ta kai da kawo."

"Baba fa ya ce..."

"Ubanku manomi ne, ƙasa yake kallo." Bakinta ya motsa kamar za ta yi dariya. "Tun ina amarya yake nuna mini ita yana cewa ga maigida. Na bar shi. Yana jin daɗin faɗa."

Daga nan ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Ban taɓa ganin kukanta ba sai ranar, ko da aka fita da gawar Baba, a ɗaki ta yi nata. Na tsaya riƙe da igiyar tunkiya ban san abin yi ba. Amma a ƙasan tausayin wani farin ciki ne ya taso mini, har na ji kunyarsa. Mijin ne ya tafi, matar tana nan a kan giginyarta.

Na ɗaure raina a ƙafar tsuntsuwar nan. Na ce a zuciyata, muddin tana nan, Inna ma tana nan. Ba wanda ya gaya mini haka, ni na yanke wa kaina, kuma na yarda da shi kamar karatun allo. Kowace yamma Inna takan ce, "Tana nan?" in ce, "Tana nan." Ta koma farauta ita kaɗai, tana yawan kuskure, don ba mai tayar mata da kurciya. Nakan ruga cikin sabara ina tafa hannu in tayar mata, mutanen da ke ban-ruwa a lambu suna cewa maraicin ya taɓa yarinyar nan.

Saura kwana ashirin da shida a fita takaba, na zo na tarar da giginya ba kowa. Na ce ta je farauta. Na zauna har rana ta faɗa bayan kuka, tumaki suka gaji suka kama hanyar gida da kansu. Washegari haka, jibi haka. Farin kashinta da ke gindin giginya ya bushe, iska ta kwashe gashin kurciyoyin da ta bari. 'Yan cirani ma sun fara raguwa.

Ranar farko da Inna ta ce, "Tana nan?" bakina ne ya amsa kafin in yi shawara da shi. Na ce, "Tana nan."

Ƙarya kuwa ba ta zama yadda aka ajiye ta. Kwana biyu sai na ga "tana nan" ya yi kaɗan, na fara ƙara mata gishiri. Yau ta kama kurciya biyu. Yau ta kori hankaka. Ina kwance a gindin giginya nake shirya labarin, har nakan gan ta da idona tana sauka a kan ganyen, jar ƙeyarta tana ɗaukar rana. Ran nan, saura kwana goma sha biyar, na ga ya kamata in ɗaure maganar tamau yadda Inna za ta gane cewa mai hankali ba ta barin gidanta. Na ce, "Yau na ga ta ɗauko kirare a baki. Gyaran sheƙa take yi."

Hannun Inna ya tsaya. Ta ɗago ta dube ni, ni ɗin kaina, a fuska. Na ji kamar an buɗe ƙofar ɗaki ina wanka.

Ta ce, "Kirare?"

"Kirare. Har da tsumma."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "To," ta mai da kai kan faifai.

Ba ta daina tambaya ba, ni ma ban daina gini ba. Kullum sai na ƙara wa sheƙar nan wani abu, yau ciyawa, gobe gashin tunkiya don taushi. Kafin a fita takaba na gina wa tsuntsuwar da ba ta nan gidan da ya fi ɗakin amarya.

Ranar fita aka yi wa Inna kitso, ta yi wanka, ta sa sabon zane da kwalli. Ranar Juma'a, washegarin kasuwar Maigatari, sai ga Kawu da amalanken shanu, har ya shimfiɗa tabarma a ciki. Ya dube ni ya ce, "Wannan ce mai zuwa lakwal ɗin? Ta girma." Lakwal suke ce wa makarantar boko a can. Ban gaishe shi ba. Ya shiga ɗakin Inna suka yi ta magana da Fulatanci, wanda rabi nake ji. Na laɓe a bayan ɗaki. Na ji ya ambaci innarsu, ya ce ta tsufa, kullum tana tambaya. Na ji Inna ta ce a bari sai bayan damina. Ya ɗaga murya, ita ba ta ɗaga ba. Da la'asar ya fito ya naɗe tabarmarsa, ya juya shanunsa ko ruwa bai sha ba.

Washegari Inna ta ce wa tumaki, "Yau da ni za a je kwari." Na so ƙasa ta tsage in shige. Muka tafi ina gaba tana baya da goyo, ina ta addu'a Allah ya aiko ko da shirwa ce ta zauna a kan giginyar. Muka isa, ba komai sai ganye yana ƙararsa. Inna ta kare rana da hannu ta dubi sama, ta dubi gindin itacen, ta ce, "Ta fita kiwo, ga alama." Muka zauna a 'yar inuwar, kafaɗarta tana taɓa tawa, har yamma.

Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Inna ba ta tafi ba, ba ta kuma sake aure ba. Ta zauna a ɗaki guda a gidan Baffa, tana noma gayaunarta tana dama fura, matan gidan suna kiranta Bafulatana har ta yi furfura. A shekara ta biyu aka aiko innarta ba lafiya. Kafin ta samu mota ta tsallaka, an riga an binne.

Yanzu ina koyarwa a Gumel, Inna tana wurina. Akwai babban shaho da ke zama a kan dogon ƙarfen waya kusa da kasuwa, masu tantabara suna tsine masa kullum. Inna ba ta ganinsa sosai, amma in tantabaru suka watse a sama takan ce, "Wan nasu ya fito."

Hutun da ya wuce 'yata ta dawo daga jami'a, inda take karatun dabbobi. Muna zaune da hantsi muna tsinar wake, ta ce bari ta gwada ilimin tsohuwa. Ta buɗe wayarta ta ce masana sun gano shaho ya fi kusa da aku a dangantaka fiye da shirwa.

Inna ta ce, "Shirwa kam tun uwarki tana yarinya na cire ta. Amma aku? Ƙawata, rana ta buge ku a makarantar nan."

'Yata ta yi dariya ta ci gaba da karantawa tana fassara mana. Ta ce shaho iri-iri ne, kusan ba ƙasar da babu su, wasu a duwatsu, wasu a hamada, wasu a kan dogayen gine-gine. Ta ce kuma duk cikinsu ba mai yin sheƙa. Sai dai su samu tsohuwar sheƙar hankaka, ko kogon dutse, ko gindin ganyen giginya, su yi ƙwai a nan. Ko tsinke ɗaya ba sa ɗauka.

Waken ya zube daga hannuna. Shekara talatin ina ganin na yi wa Inna wayo, ina jin nauyin abin a raina ina kuma ɓoye shi. Na ce, "Inna, kin san wannan?"

Ta ci gaba da tsinar wakenta. "Wanda ya bi shanu shekara ɗaya ma ya sani."

"To tun ranar kin gane ta tashi?"

"Tun ranar."

Raina ya ɓaci, ban san da wa ba. Muryata ta hau kamar ta yarinya. Na ce, "Me ya sa ba ki ce komai ba? Me ya sa kika zauna? Innarki fa, Inna? Ko ganinta ba ki sake yi ba!"

'Yata ta ajiye waya tana kallonmu, ba ta san kan zancen ba. Inna ta ture tsakuwa gefe da ɗan yatsa, ta juya wajen jikarta, don har yau ta wurinta take aiko mini da magana mai nauyi.

Ta ce, "Gaya wa uwarki, innata tana da 'ya'ya bakwai a gabanta. Ni kuwa ina zaune na ga yarinya ita kaɗai tana shigowa da tumaki kullum, tana ɗauko kirare ɗaya-ɗaya. Ina zan je in bar ta da aikin nan?"

Na tashi na ce zan duba tukunya. Ban ɗora komai a wuta ba, su ma sun sani, amma ba wanda ya kira ni.